Daga Bakin Murhu: Awa guda ta karatu, daga tukunya take fitowa

  

An rufe lakwal. Daga ƙarshen watan Yuni har farkon Oktoba, wata uku cur, yaranmu suna hannunmu dare da rana. Wata ukun nan kuwa kun san su: rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya hau a kasuwa, ga noman fari ga maimai, ga gandu ga gamana, kowane hannu a gida ana bukatarsa. Yaron da ya bar CP yana ɗan haɗa baƙaƙe, in an koma sai mushe ya tarar kamar bai taɓa ganin allo ba. Inda kuma ajin na zana ne, ba a ma komawa a Oktoba, sai an yi girbi an samu karan da za a kafa rumfar. Hutun wata uku ya zama na huɗu ko biyar.

Shi ya sa maganar ta taso a zaman zubi na ƙungiyoyi da dama: mi za mu koya masu a gida kafin a koma? Na ji ra'ayi iri uku. Akwai masu cewa a sayo littafin koyon baƙaƙen Faransanci daga Tasawa, tunda da Faransanci ake jarrabawa. Akwai masu cewa makarantar allo ta isa, a bar boko ya huta. Mafi yawa kuwa cewa suke yi: «Ni da ban shiga lakwal ba, ƙaƙa zan koya ma yaro abin da ban sani ba?» Ga nawa ra'ayin, kuma zan faɗi dalilina. A gida mu koya masu karatun Hausa da littafinmu na yaƙi da jahilci, mu koya masu lissafi da tiya da dala. Faransanci mu bar ma mushe. Allo kuma ya ci gaba a lokacinsa, ba mai taɓa shi.

Mu fara da littafin Faransanci, don shi ne ya fi jan ido. Yana da hotuna, yana da launi, uwa ta ciro jika ta saya ta ji ta yi wani abu. To amma wa zai karanta ma yaron? In ke kanki ba ki san yadda ake furta abin da ke ciki ba, yaron zai zauna yana rera shi kamar waƙa, ke kina jin daɗi, shi kuma bai san abin da yake faɗi ba. Wannan rerawar ita ce ciwon da ke damun lakwal ɗinmu tun farko. Akwai wani gwaji da ake yi ma ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ana ce mashi PASEC. A 2014, cikin ƴan ajin ƙarshe na Nijar, waɗanda sunka kai matakin da ake so a karatu ba su cika ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai kamar uku cikin goma. Ke nan yara bakwai cikin goma suna gama shekara shida, daga CI har CM2, ba su iya karanta takarda su gane ta yadda ya kamata. Ban ɗora laifin kan malamai ba. Mutum guda a gaban yara cike da rumfa, littafi guda ana rabawa tsakanin yara da yawa, sannan a ce yaron da bai taɓa jin kalmar Faransanci a gidansu ba ya koyi baƙaƙe da sabon harshe a lokaci guda. Kaya biyu ne anka ɗora ma jaki guda.

Mu a gida muna iya sauke mashi kaya ɗaya. Haɗa baƙi da wasali ya ba da sauti, sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya gane cewa «b» da «a» sun ba da «ba», ya gane har abada, ko da wane harshe zai yi karatu daga baya. Kuma ya fi saurin ganewa da kalmar da ya sani, wadda yake ci yake sha. Wannan ba dubarata ba ce. Tun 1973 anka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta amince da harsunanmu a matsayin harsunan koyarwa. Azuzuwan gaggawa da ake kira pasarel, na yaran da sunka wuce shekarun shiga CI, wata tara suke yi: wata biyu na farko da harshen gida, sannan Faransanci, daga nan a sa su tsakiyar firamare. In da fara karatu da Hausa yana ɓata Faransanci, da ba a yi haka ga yaran da ake gaggawa da su ba. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Saboda haka kada wadda ta ji kunya don ɗanta yana karanta Hausa.

Ga yadda nake ganin a bi da ƙanana, ƴan CI da CP da waɗanda za a sa bana. Ba sai an sayi komi ba. Ƙasar tsakar gida ta isa, damina ce ma, tana da laushi, tsinke yana zana ta da kyau. Sati na farko wasula biyar kawai: a, e, i, o, u. Kada ki yi sauri. Daga nan baƙi ɗaya ko biyu a sati, kuma kowane baƙi ki ɗauko shi daga abin da ke gabanku. Kalmomin madafa sun dace da wannan aiki kamar don shi anka yi su, gaɓa biyu ne masu sauƙi: ta-sa, tu-lu, wa-ke, da-wa, ku-ka, ra-ma, la-lo, ma-sa, tu-wo, mi-ya. Ki ce ya rubuta abin da za a ci yau kafin a zuba mashi. In ya iya waɗannan, sai ki shiga masu ɗan nauyi: hat-si, tur-mi, mur-hu, rum-bu, kas-ko. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ki bar su ƙarshe, ki koyar da su biyu-biyu don ya ji bambancin da kunnensa: daka da ɗaka, baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Yara suna son wannan wasa, suna dariya in ɗaya ya rubuta an kai baƙo «baki».

Wata za ta ce, to in ya koma lakwal ba zai rikice ba? Zai ɗan yi tuntuɓe a wurare kaɗan, kuma mun san wuraren. Baƙaƙe irin b, d, k, l, m, n, t, da wasulan a, i, o, kusan aikinsu ɗaya a harsunan biyu. Inda sunka rabu shi ne: abin da muke rubutawa «u» su «ou» suke rubutawa, «sh» ɗinmu shi ne «ch» ɗinsu, «c» ɗinmu kuma sai sun haɗa «tch». Allunan bakin hanya ma sun isa darasi. Mu muna cewa Tasawa, allo ya ce Tessaoua. Muna cewa Gazawa da Cadawa, allo ya ce Gazaoua da Tchadoua. Yaron da ya iya karanta sunan garin da Hausa, in ya ga na allo sai ya gane dubarar da kansa. Wannan ɗan gyara mushe zai yi shi cikin ƴan kwanaki. Abin da ba ya iya yi cikin ƴan kwanaki shi ne zama da kowane yaro shi kaɗai har baƙaƙe su shiga kansa.

Manya kuma, ƴan CE da CM, aikinsu daban ne, kuma nan ne nake son waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba su saurara da kyau. Kada ku bari a yaga tsohon kaye na bara a ƙunsa ƙosai ko a kunna wuta da shi. Shi ne littafin da kunka riga kunka biya. Kowace rana yaro ya buɗe shafi guda, ya karanta da ƙarfi da Faransancinsa, sannan ki ce: «To, gaya mini da Hausa, mi anka ce?» Ba ki bukatar sanin kalma ko ɗaya. In ya iya mayar maki da shi da Hausa har kinka gane, ya fahimta. In ya tsaya yana sosa kai, ki sa ya yi alama a gefen shafin, ya kai ma wani ɗan kolej na unguwa ko ya ajiye ma mushe. Uwar da ba ta san «a» ba tana iya gane ɗan da ke rerawa da ɗan da ke karatu, kamar yadda take gane hatsin da ya surfu da wanda bai surfu ba. Ki kuma ba shi aikin gaske: ya karanta maki saƙon da ya shigo salula, ya duba ranar rigakafin ƙanensa a katin likita, ya rubuta maki sunayen masu bashin ƙuli-ƙuli.

Game da allo ba ni da dogon bayani. Lokacinsa sananne ne, da asuba da dare, kuma karatun addini ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Abin da kawai zan ce, yaron da ya san baƙaƙen Larabci ya riga ya san cewa zane yana ɗauke da sauti, don haka boko zai zo mashi da sauƙi. Inda akwai lakwal ta franko-arab kusa, wasu iyaye sun fi natsuwa da ita, tunda an haɗa biyun a wuri guda. Irinta ta farko a Sayi anka buɗe ta tun 1957, ba sabon abu ba ne. Amma ko can yaro yake, abin da na faɗa kan karatun Hausa a gida bai canza ba.

Yanzu lissafi, inda mu mata munka fi kowa. Tun da CARE ta kawo tsarin Mata Masu Dubara nan jihar Maradi a 1991, mata da ba su san alƙalami ba suke riƙe lissafin zubi da bashi da riba a ka, har tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Amma ga wani rami da yaranmu ke faɗawa ciki, kuma ba kowa ya lura da shi ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, lakwal da faran take ƙirgawa. Ƙwandalar da anka rubuta 100 a kanta, mu dala ashirin muke ce mata. Wadda anka rubuta 500, dala ɗari. Jika kuwa 1000 ce a rubuce, dala ɗari biyu a baki. Yarinyar da ke talla tana ba da canji ba kuskure, sai a ba ta lissafi iri ɗaya a kaye ta kasa, don a kanta ashirin take gani, takarda kuma tana cewa ɗari. Sai a ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Ga mu kuma bakin iyaka, naira tana yawo a kasuwanninmu, ita kuma ƙirgarta kai tsaye ce. Ƙirga uku a kan yaro guda.

Maganin abin a hannunmu yake. Ki zube ƙwandaloli a faifai, ki ce ta faɗi sunan kowace a kasuwa, sannan ta karanta lambar da ke jikinta. Dala biyar, 25. Dala goma, 50. Dala ashirin, 100. Da kanta za ta gano cewa kullum sau biyar ne. Ranar da ta gano haka ta iya jadawalin biyar, kuma ta iya rabawa da biyar, abin da ake shan wuya a kansa a CE. Daga nan ki ba ta lissafin ƙungiya: mata 25, kowace ta zuba dala ashirin, nawa ke cikin akwati? Ta ba ki amsa sau biyu, jika biyu da rabi a baki, 2500 a rubuce. Wadda ta ɗauki bashin jika biyar, riba ɗaya cikin goma, nawa za ta ɗora? Dala ɗari, 500.

Tiya ma haka. Buhun hatsi babba yana ɗaukar kamar tiya 40. A ce gidanku tiya biyu ake ci a rana: buhu kwana nawa zai yi? Kwana 20. Daga yanzu zuwa sabon hatsi a ce kwana 90 ne: tiya nawa ake bukata? Tiya 180, buhu huɗu da rabi ke nan. To a je a auna abin da ya rage. Wannan lissafi ba wasan yara ba ne, shi ne zai gaya maki tun yau ko za ku kai kaka, ko kuwa ya kamata a fara haɗawa da dawa da wake da ganye tun yanzu, ko a je bankin cimaka tun farashi bai ƙara hawa ba. Da yawanmu sai hannu ya taɓa gindin rumbu muke sani. In ɗanki ne ya yi maki lissafin, ya rubuta a bangon ɗaki da gawayi, yana cire tiya biyu kowace safiya, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma za ki ga ya daina zubar da tuwo.

Duk wannan da na faɗa yana bukatar abu guda, lokaci. Awa guda a rana in ta samu, rabi in ba ta samu ba. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: ɗa namiji yana samun awarsa, in an taso daga gona sai wasa. Ɗiya mace ce ba ta da ita. Ita ce ɗibar ruwa, ita ce itace, ita ce surfe da daka, ita ce goyo, in an gama kuma a ɗora mata faranti. Don haka in muna son awar nan, sai mun ciro ta daga madafa.

Itace ne babban ɓarawon lokaci. Murhun duwatsu uku a fili, iska tana kwashe wutar, rabin zafin bai taɓa tukunya ba. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, irin wanda ake kira Albarka, ko na ƙarfe Mai Sauƙi, yana rage cin itace sosai, kuma na laka ba ya cin ko dala, yumɓu ne da kashin jaki da ƙaiƙayi da hannunki. Sai dai a damina a gina shi ƙarƙashin rumfa, in ba haka ba ruwa guda zai narkar da shi. Ko ba ki gina ba, ki kare murhunki daga iska da guntun bango, ki rufe tukunya, ki tura itace biyu ko uku maimakon dami, in an gama ki zare guntayen ki kashe da ƙasa. Gidajen da sunka riƙe sassabin zamani, waɗanda ke barin tohon kalgo da sabara da gawo a gona suna yi masu aski, ƴaƴansu ba sa tafiya nesa neman itace. Rassan da anka sassabe su ne na girki. Aikin nan a ƙasar Maradi ya fara tun wajen 1983, mutanen Ɗan Saga ta Age sun yi suna a kansa, amma har yau akwai gonakin da ake sharewa tas kamar tsakar gida. Ku yi ma masu gida magana.

Wake kuma, don Allah a jiƙa shi tun dare. Waken da ya kwana a ruwa ba ya cin wuta kamar busasshe, kuma ba sai an cika mashi kanwa ba; kanwa mai yawa tana kashe amfanin abinci. Akwai kuma wata dubara da nake son kowace ƙungiya ta gwada. In wake ko shinkafa ta tafasa sosai na ɗan lokaci, ki sauke tukunyar da murfinta a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ko tsummoki, ki cusa ta cikin kwando ko buhu da anka cika da ƙaiƙayi, ki rufe sama. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar cikin awa biyu ko uku, ba wuta, ba mai tsaro, ba ƙonewa. Kada dai a buɗe ana leƙawa. Wannan lokacin da tukunya ke dafa kanta, shi ne lokacin zama da yara.

Daka ma a duba ta. Na san ana ganin kuɗin injin niƙa kamar ɓarna ne alhali ga yarinya a gida. Amma ki auna: ƴan dalolin da za ki ba mai inji, da awa biyu na ɗiyarki a bakin turmi. Ko ba kullum ba, a kai na kwana biyu ko uku a tashi ɗaya, a baza garin ya sha iska sosai don kada ya yi tsami da danshin damina. Hura dai sai turmi, na yarda, amma tuwo ba ya tambayar wanda ya niƙa shi. Kishiyoyi da matan sauri da ke gida ɗaya, in da za a haɗa tukunyar rana a riƙa karɓa-karɓa, itacen murhu guda ne maimakon uku. Na san wannan magana ta fi sauƙin faɗi, ban ce dole ba.

Kuɗin injin daga ina? Daga miya. A ce dunƙulen ɗanɗano dala biyar ne, kina sa uku a rana. Dala goma sha biyar ke nan, a wata jika biyu da dala hamsin, 2250. Ki ba ɗiyarki ta yi maki wannan lissafin ki ga yadda idonta zai buɗe. Iyayenmu da daddawar batso da ta kalwa sunka yi miya, da ɗan garin ƙuli-ƙuli da busasshiyar fara ko kifi in an samu, kuma waɗannan suna gina jiki, dunƙule kuwa gishiri ne da ƙamshi. Ban ce a daina ba, a mayar da uku ɗaya. Ganye kuma yanzu ne lokacinsa, kyauta Allah ya shimfiɗa shi: tafasa, rama, yakuwa, lalo, yaɗiya, zogale. A ci ɗanye a kwaɗo da tunkuza, a yi dambu, hatsi kaɗan ganye da yawa, ciki ya cika rumbu ya huta. Sauran a shanya a inuwa, cikin ɗaki a kan tabarma, don rana tana cinye launinsa da amfaninsa. In ya bushe ƙarau a ɗura a tulu ko bido mai murfi. Wadda ta yi haka yanzu ba za ta sayi kayan miya da tsada a bazara ba. Ƙasari da dusa kuma na akuya ne, kada a zubar. Jar akuyar nan tamu ita ce asusun da ke tafiya da ƙafa.

Abu ɗaya da ban yarda a yi tsimi a kansa ba shi ne abin karin safe na yara. Yaron da cikinsa ke kuka ba ya riƙe baƙi. Ko ɗumame ne, ko kunu da anka dama da garin gujiya ko na soyayyen wake. Na ƙanana masu fara cin abinci, a yi kunun da kauri, sannan a barbaɗa ɗan garin tsiron hatsi yana da ɗumi. Zai tsinke da kansa ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha abinci maimakon ruwa. Gujiyar da ta yi baƙi ko ta yi hunhuna a tsince ta a yar, kada a ce a niƙa a tunkuza don kada a yi asara. Gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Sai maganar Oktoba. Kowace shekara komawa lakwal tana zuwa daidai da sabon wake, lokacin da ya fi araha, sai mu kwashe mu sayar don kaye da bik da alli da takalmi. Bayan wata huɗu ko biyar mu ga waken nan a kasuwa ya yi tsada. Da can muna da hujja, ƙwari suna cinye shi in an ajiye. Yanzu akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki buhu a waje, wanda masu bincike na INRAN ta Maradi sunka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, ana yaɗa shi tun 2007. Ba a sa magani. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. A duba dai kada leda ta huje, a ɗora shi kan itace nesa da ɓera. Amma ba za ki iya ajiye wake ba in ba ki da kuɗin kaye a hannu. Shi ya sa nake ba ƙungiyoyi shawara a buɗe ƙaramin zubi daban tun wannan satin, a kira shi asusun kaye, ba a ba da bashi daga cikinsa, ba a taɓa shi don biki ko suna. Dala ashirin a sati, sati 13, jika ɗaya da dala sittin ke nan ga kowace, 1300. In an haɗa na mata 25 a aiki mutum biyu Tasawa su sayo a dunƙule, ya fi araha a kan kowace ta sayi ɗaya-ɗaya a teburin bakin lakwal. Wadda ta ce dala ashirin ta yi mata yawa, ta tuna abin da ta kashe a anko na ƙarshe. Na faɗa, a yi haƙuri.

Talla ita ce inda za mu yi ta ja da juna, na sani. Ana cewa da ita ake tara kayan ɗaki, kuma ba ƙarya ba ne. Ban ce a ajiye faranti gaba ɗaya ba. Na ce a sa mashi iyaka: in la'asar ta yi a dawo, ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma in an koma lakwal ba talla a lokacin aji. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ɗiya mace da ke karatu har ta kai shekara 16, amma doka a Yamai take, faranti kuwa mu ke ɗora shi. Yarinyar da ta kai CM2 ba ta iya karatu ba ita ce ta farko da ake cirewa, don uba zai ce shekara shida ba ta tsinana komi ba, kuma ba ki da abin da za ki ba shi amsa. Wadda take karanta mashi saƙon salula, take lissafa mashi buhu nawa ya rage, ko shi zai yi nauyin baki kafin ya ce ta zauna gida.

A kusan kowace ƙungiya akwai mace biyu ko uku da sunka yi yaƙi da jahilci, ga magatakarda. A zaman zubi mai zuwa a raba unguwa tsakaninsu, kowace ta ɗauki yaran gida uku ko huɗu, bayan la'asar, kwana huɗu a sati. Ranar kasuwa da Juma'a a huta. Uwayen da ba su koyarwa su karɓe mata ɗibar ruwa ko daka na ranar, wannan shi ne ladanta. Inda akwai ƙungiyar uwaye ta lakwal, AME, a sanar da ita, a kuma gaya ma darakta kafin ya tafi hutu in bai riga ya tafi ba, wataƙila ya ba da aron allo da guntayen alli. Masu littafin yaƙi da jahilci a ƙasan akwati su fiddo su kakkaɓe, su zo da shi wurin zubi tare da tsofaffin kaye na bara, mu ƙirga abin da muke da shi. Wata mai kamawa in Allah ya kai mu zan kawo yadda ake gina murhun laka daki-daki, da awon yumɓu da na ƙaiƙayi.